ABIN DA ZUCIYA KE ƁOYE WA MAI ITA: DARASI GA SHUGABANNI DA MABIYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya san bayyane ya san ɓoye, wanda zukatan bayi suke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata cuta wadda dukkanmu mun san raɗaɗinta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka binciki asalinta. Sau nawa muka zauna taron kwamitin masallaci domin maganar jika 10 na sayen tabarmi, aka tashi baram-baram, har mutum biyu suka daina gaisawa? Sau nawa reshen ƙungiya ya rabu biyu a kan wanda zai ja sallar tarawihi, ko wanda zai riƙe makullin ɗakin lasifika? Idan aka tambayi kowane ɓangare sai ya kawo hujja, ya rantse cewa don Allah yake yi. Sau da yawa kuwa gaskiya ya faɗa, domin iyakar abin da ya sani game da kansa ke nan. Sai dai jika 10 ba su isa su raba zumuncin shekara 20 ba. Akwai abin da yake kwance ƙarƙashin maganar wanda ba a ambata ba: wani yana jin an raina shi, wani yana tsoron a ture shi gefe, wani yana riƙe da tsohon miki. Wannan abin da zuciya take ɓoye wa mai ita, da yadda yake yawo cikin jama'a mai rassa da yawa, da abin da ya wajaba a kan shugaba game da shi, su ne za mu duba in Allah ya yarda.

YADDA AIKINMU YA ZAMA SAƘA

A zamanin iyayenmu al'amarin addini a ƙauye ba shi da sarƙaƙiya. Ga liman, ga ladan, ga malamin makarantar allo, ga maigari. In an yi saɓani da hantsi, kafin magariba an zauna zaure an kashe wutar. A matakin ƙasa ma, tun 1974 da aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar a zamanin Seyni Kunce, ita kaɗai gwamnati ta sani har tsawon shekaru. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi suka yawaita, kowace tana da rassanta.

To, mu dubi yadda aiki yake a gundumomin Madawa da Buza da Keita, masu ƙananan hukumomi 17. Akwai babban biro a Yamai, da biron jiha a Tawa, da reshen gunduma, da kwamitocin garuruwa tun daga Bangi har Tamaske, tun daga Karofane har Ibohaman. A gefensu ga makarantun islamiyya, ga sashen mata, ga ƴan agaji, ga kwamitin marayu. Bayan waɗannan duka ga ƴan'uwanmu masu tafiya bida, mazauna Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, waɗanda da gumin goshinsu aka gina da yawa daga masallatanmu. Tun da wayar salula ta shigo kuma, maganar da aka yi bayan lisha a Buza takan isa Abijan ta WhatsApp kafin asuba, ta dawo an yi mata ƙari.

Irin wannan jama'a tana da siffofi uku da ya kamata mu lura da su. Ta farko, shugaba ba ya biyan kowa albashi, saboda haka ba shi da sandar korar kowa. Yarda ce kaɗai igiyar da ta ɗaure mutane. Ta biyu, mutum guda yakan zauna kujeru da dama: shi ne ma'ajin masallaci, shi ne mamba a ƙungiyar manoman albasa ta fadamar Tarka, shi ne surukin sakatare. Ɓacin ran da ya kwaso wurin awon albasa da shi zai shigo taron masallaci. Ta uku, da yawa daga masu aiki tare ba sa ganin fuskar juna. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To inda babu fuska, zato ne yake cike gurbin.

DARASIN RUWA A ƘASAR ADAR

Allah ya ajiye mana misalin wannan al'amari a ƙasarmu. Kowane Ba'adare ya san cewa ruwan da ya sauka bisa dabagi, in bai samu abin da zai tare shi ba, ba ya tsayawa can. Yakan gangaro ta kan fako, ya haɗu da wani, ya yanka gebe, ya shiga ƙorama, har ya je ya cinye gonar wani bawan Allah a fadama, wanda ko ɗigo bai sauka a kansa ba.

A 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, aka fara babban aikin raya karkara na Keita da tallafin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO ta abinci da noma, da hukumar PAM wadda take biyan ma'aikata da abinci. Mafi yawan masu ɗaukar dutse mata ne, iyayenmu da yayyenmu, domin maza sun tafi bida. Cikin kimanin shekara 20 aka farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta mutu, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18. Hikimar aikin ita ce ba a jira ruwa a fadama. Tun daga bisa ake tare shi: gandarin duwatsu a kan dabagi, ramuka a jikin tudu, madatsai na ragar waya cike da dutse a cikin ƙorama, domin gudunsa ya ragu, ya nutse cikin ƙasa. Ruwan da zai yi ɓarna sai ya zama na rijiya da lambu.

Haka damuwa take a cikin jama'a. Tsoro ko fushi ko jin kunya da ya sauka a babban biro, in ba a tare shi can ba, zai gangaro. Shugaban gunduma da aka yi wa faɗa a Tawa ya haɗiye, ya zo ya tsananta wa shugaban reshe; shi kuma ya sauke a kan ma'aji; ma'aji ya hana malamin islamiyya ɗan abin da ake ba shi; malami ya huce a kan yara. Daga ƙarshe sai a ce matsalarmu ita ce wane, a cire shi, alhali an bar jaki ana dukan taiki. Alamar haka ita ce bayan an cire shi, ba a daɗewa sai a sami wani sabon wanen.

ABIN DA MALAMANMU SUKA GANO

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin cewa mutum yana iya jahiltar niyyarsa. Imamu Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 243 bayan hijira, ya sami wannan laƙabi ne saboda yawan yi wa kansa hisabi, kuma littafinsa Arri'aya bincike ne a kan hanyoyin da rai yake yaudarar mai shi. Imamul Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u Ulumiddini a kan son girma da riya. Ya bayyana cewa kamar yadda mai son dukiya yake son mallakar kaya, haka mai son girma yake son mallakar zukatan mutane, kuma wannan ya fi wancan wuyar ganewa. Ya nuna cewa mutum yana iya ɓoye ibadarsa sarai, amma a ransa yana jiran a riga shi sallama, a buɗa masa wuri a majalisa, a yi masa rangwame a ciniki. In ba a yi ba sai ya ji nauyi a ƙirji bai san dalili ba. Ya kuma ba mai wa'azi ma'auni: idan wani ya bayyana wanda ya fi shi ilimi da iya magana, mutane suka koma wurinsa, shin yana murna ko ransa yana ɓaci?

Alƙur'ani mai girma ya riga kowa. A Suratu Yusufa mun ga ƴan'uwa goma waɗanda abin da yake cin su shi ne ganin mahaifinsu ya fi son ƙanensu. Ba su je sun faɗa masa ba. Sai suka ƙulla mugun shiri, har suka yi wa kansu alkawarin zama mutanen kirki bayan sun aikata. Kowane ɗayansu shi kaɗai da wuya ya jefa yaro rijiya. Taro ne ya sauƙaƙa musu.

HALAYE UKU NA JAMA'A IDAN TSORO YA KAMA TA

Masana na wannan zamani ma sun binciki al'amarin ta hanyarsu. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila mai suna Wilfred Bion, wanda ya yi jinyar sojoji a yaƙin duniya na biyu, sannan ya yi aiki a asibitin Tavistock a Landan, ya fitar da littafi a 1961 a kan halin mutane cikin taro. Maganarsa ba hujjar shari'a ba ce, amma abin da ya dace da gaskiya muna amfana da shi. Ya lura cewa kowace jama'a tana da aikin da ta taru dominsa, sai dai in damuwa ta yi mata yawa takan saki aikin ba tare da ta sani ba, ta faɗa ɗayan halaye uku. Duka ukun mun san su.

Na farko, dogaro ga mutum guda. Jama'a ta ajiye hankalinta, ta ɗora komai a kan malam ko a kan alhajin da yake ba da kuɗi. In yana nan ana aiki, in ya yi tafiya ko fitila ba mai kunnawa. Shi kuma daɗin haka yakan shige shi, har ya fara jin haushin duk wanda ya iya wani abu. Ranar da ya kasa, waɗanda suka ɗaga shi su ne za su fara jifansa. Sayyidina Umar (R.A.) ya hango wannan lokacin da ya sauke Khalidu ɗan Walidu (R.A.) a shekara ta 17, ya aika wa garuruwa cewa bai sauke shi don fushi ko ha'inci ba, sai don ya ga mutane sun fara jingina nasara gare shi. Mu ma a nan mun san yadda kalmar "aikin furoje ne" ta sa muka zuba ido wasu gine-gine suka lalace bayan masu tallafi sun tafi, alhali da hannunmu aka yi su, kuma gonakinmu suke karewa.

Na biyu, faɗa ko gudu. Jama'a ta nemi abokin gaba, na waje ko na gida, domin ƙiyayya tana haɗa kai da sauri fiye da aiki. Sai wa'azi ya koma raddi tun daga farko har ƙarshe, yara kuwa ba su iya alwala ba. A Madina wani dattijo mai suna Shasu ɗan Ƙaisu, wanda haɗin kan Ausu da Khazraju ya dame shi, ya tura saurayi ya zauna cikinsu yana tuna musu waƙoƙin yaƙin Bu'asu da suka yi kafin hijira. Nan take sahabbai masu salla sahu ɗaya suka fara kiran makamai, har sai da Manzon Allah (S.A.W.) ya fito ya tunatar da su, suka rungumi juna suna kuka. Malaman tafsiri sun ambaci wannan a dalilin saukar ayoyi na 100 zuwa 103 na Suratu Ali Imrana. In tsohon miki ya iya motsawa a irin waɗannan zukata, ina ga namu, da rigimar gona da ta sarauta da ta siyasa da muka gada? Gudu kuwa shi ne a ɓuya cikin yawan taro da kafa kwamiti a kan kwamiti. Wata mai bincike a Landan, Isabel Menzies, ta nuna a 1960 cewa yawancin ƙa'idojin da ma'aikatan jinya na wani asibiti suke bi sun zama garkuwa ce da take kare su daga jin zafin ganin ciwo da mutuwa. Mu tambayi kanmu: taro nawa muka yi a kan launin rigar ƴan agaji, domin kada mu taɓa maganar kuɗin da ba a yi bayaninsu ba?

Na uku, jiran mai ceto. Komai sai a ce a dakata: sai wane ya gama karatu a Madina ko a Jami'ar Musulunci ta Say, sai taimakon ƙasashen Larabawa ya iso, sai an yi sabon zaɓe. Fata abu ne mai kyau, amma wannan irin fata yana rayuwa ne muddin abin bai zo ba. In yaron ya dawo da shahadarsa, sai a tarar mutum ne kamar kowa, a juya masa baya, a koma jiran wani.

LOKACIN RABO SHI NE LOKACIN HAƊARI

Abin mamaki, waɗannan halaye sun fi tsananta bayan nasara. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, a gundumar Buza, domin tare iska. Lokacin dashe da ban ruwa da tsaron dabbobi, wahala ta haɗa mutane. Da itatuwa suka girma aka zo maganar sara, sai tambaya ta taso: icen na wa ne, na mai gona, ko na garin da ya yi aikin, ko na hukuma? Ranar rabo kowa yake auna matsayinsa a idon jama'a, shi ya sa ƙaramin abu yake zama babba.

Mafi girman darasi a kan wannan yana cikin tarihin Annabi (S.A.W.). Bayan yaƙin Hunainu, a shekara ta 8, aka tara ganima mai yawa a Ji'irrana. Manzon Allah (S.A.W.) ya ba wasu shugabanni sababbin shiga Musulunci raƙuma 100 kowanne, cikinsu har da Abu Sufyana ɗan Harbu da Safwanu ɗan Umayya da Uyaina ɗan Hisnu da Aƙra'u ɗan Habis, domin ya rarrashi zukatansu. Ansaru, mutanen Madina, ba su samu irin wannan kyauta ba. Sai magana ta fara yawo a tsakaninsu. Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) ya je ya sanar da Annabi, da aka tambaye shi inda shi ya tsaya, bai ɓoye ba, ya nuna shi ma ɗaya ne daga mutanensa.

Mu lura da abin da Annabi (S.A.W.) ya yi. Ya sa aka tara Ansaru a wuri guda keɓantacce. Ya faɗa musu cewa maganarsu ta iso gare shi. Ya tuna musu ni'imar Allah a kansu ta shiriya da wadata da haɗin kai. Sannan ya yi abin da shugabanni kaɗan suke iyawa: ya ɗauki hujjarsu ya faɗe ta da bakinsa, ya lissafa musu alherin da suka yi masa, na gaskatawa da taimako da masauki, ya tabbatar cewa da sun faɗi haka da sun yi gaskiya. Daga nan ya taɓa ainihin ciwon. Makka ta buɗe, danginsa sun musulunta, kuma abin da yake cin Ansaru a ɓoye shi ne tsoron zai koma ga mutanensa ya bar su. Sai ya sanar da su cewa wasu za su koma gida da dabbobi, su kuwa da shi kansa za su koma, ya yi musu addu'a da ƴaƴansu da jikokinsu. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe.

Ba a ƙara musu raƙumi ko ɗaya ba, amma maganar ta mutu a wurin. Da an tsaya lissafin dabbobi, ko an ce masu gunaguni imaninsu ne da rauni, da ciwon yana nan.

DAGA TARIHIN ƘASARMU

Magabatanmu na kusa ma sun gamu da wannan jarrabawa, kuma muna ambatonsu ne domin wa'aztuwa, hukunci tsakaninsu yana ga Allah. Malam Abdussalami na Gimbana yana cikin almajiran Shehu Usmanu na farko, kuma harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin dalilan hijira zuwa Gudu a 1804. Da aka ci nasara aka raba kula da ƙasa, ya ga rabonsa bai kai hidimarsa ba. Abin ya daɗe yana cinsa, har bayan rasuwar Shehu a 1817 ya fito fili a Kware. Shi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu, waɗanda Bello ya tattara a littafinsa Sardul Kalami, amma wasiƙa ba ta kashe wutar ba. Aka yi yaƙi, Abdussalami ya rasu a Bakura a 1818.

A wannan lokaci kuma akwai wani miki a cikin gida. An yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, baffansa Shehu Abdullahi ya koma Gwandu da abin da yake ransa, zumunci ya yi sanyi. Bayan ƴan shekaru, da fitina ta tsananta wa Abdullahi a Kalambaina, Bello ya taho da runduna ya taimaka masa. Da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Kowannensu ya ba ɗan'uwansa abin da zuciyarsa take bukata, daula ta zauna lafiya.

Mu mutanen Madawa muna da namu abin koyi. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda kabarinsa yake Arewa kusa da mu, shi ne babban malamin Shehu. Shehu ya saɓa masa a rubuce a kan hukuncin Musulmi mai aikata manyan zunubai, amma bai taɓa rage masa girma ba, bai daina yabonsa ba. Saɓanin da babu miki a ƙarƙashinsa ba ya raba zumunci.

ABIN DA YA WAJABA A KAN SHUGABA

1. Ya fara da kansa. In magana ta ba shi haushi fiye da girmanta, ya tsaya ya tambayi ransa me ta taɓa. Ya sami amini guda mai tsoron Allah wanda zai iya faɗa masa aibinsa, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

2. Ya zama madatsa. Hausawa sun ce babba juji ne. Zafin da ya zo masa daga sama ko daga ƙasa, ya riƙe shi ya kwana, kada ya miƙa shi gaba yadda ya zo. Saƙon muryar da aka ɗauka cikin fushi da dare, a bar shi sai bayan sallar asuba.

3. Ya saurari abin da yake bayan magana. In reshe mai nisa ya yi ta ƙorafi a kan buhun dabino na azumi, ya tambayi kansa yaushe rabon da wani daga biro ya taka garin. Sau da yawa ziyara ɗaya da kwana ɗaya sun fi wasiƙa goma.

4. Ya kira abin da sunansa, a wurin da ya dace, cikin tausasawa. Aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana ta sauka ne bayan Uhudu, bayan kuskuren da ya jawo shahadar sahabbai 70, kuma a wannan hali ne aka umurci Annabi (S.A.W.) da yafewa da nema musu gafara da ci gaba da shawartarsu.

5. Ya bayyana lissafi tun ba a tambaya ba. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a, a aika wa ƴan bida kwafinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma babu tsagar da ta kai kuɗin da ba a yi bayaninsu ba.

6. Ya kula da ranar rabo, ko na muƙami ne ko na kaya ko na yabo. Ya ambaci waɗanda suka yi wahalar farko da sunayensu, musamman dattawa da mata, waɗanda aikinsu ya fi yawa, ambatonsu ya fi ƙaranci.

7. Ya ƙi yarda a mayar da shi shi kaɗai. Ya koya wa wani huɗuba, ya bar wani ya jagoranci taro yana zaune, domin ranar da ba ya nan aiki ya ci gaba.

ABIN DA YA WAJABA A KAN MABIYA

Mu kuma mabiya, kada mu ɗora wa shugaba abin da ba ya iyawa sai Allah. Wanda yake da ƙorafi ya yi irin ta Sa'adu ɗan Ubada: ya je ga mai al'amarin kai tsaye, ya faɗi gaskiya, har da abin da yake ransa. Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari kafin aiki da shi, ta hana mu yawan zato da bin diddigi da cin naman juna. Wannan hukunci ya hau kan abin da muke turawa ta waya kamar yadda ya hau kan abin da muke faɗa da baki. In muka ga jama'a duka ta taru a kan mutum guda tana zarginsa da komai, mu ji tsoron Allah mu dakata, mu tambaya ko kayan wasu ne aka ɗora masa. Kuma kowane taro, in murya ta fara tashi, ya halatta ga mafi ƙanƙantarmu ya tunatar da mu cikin ladabi abin da ya tara mu: karantar da yara, da tsayar da salla, da kula da maraya.

Muna roƙon kowane reshe ya karanta wannan darasi a zamansa na gaba, kowa ya auna kansa da shi kafin ya auna ɗan'uwansa.

Allah ya tsarkake zukatanmu daga ƙulli da hassada da son girma. Allah ya nuna mana aibobinmu ya ba mu ikon gyarawa. Allah ya shiryi shugabanninmu ya ba su haƙuri da mu, ya ba mu haƙuri da su. Allah ya tsare ƴan'uwanmu da suke bida ya dawo da su lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.